Mu Koyi Sana'a: Gyaran Tsohon Kwalekwale Daga Ƙasa Ake Farawa

A wannan mako filinmu ya leƙa Gatawa da ƙauyukan Sabon Birni da Isa, inda da damina ta yi nisa, Gulbin Rima da rassansa irin su Bunsuru da Gagare suka cika, kwalekwale ke zama motar zuwa kasuwa da gona, har da makaranta. Da yawa cikin jiragen nan sun tsufa, ga katako da inji sun yi tsada. Saboda haka gyara ya zama dole, amma wane irin gyara?

Kuskuren da muka fi gani shi ne a fara da abin da ido ke gani: a shafa fenti, a ɗaura inji, a ce jirgi ya dawo sabo. Gwanaye kuwa da rani suke jawo jirgi tudu, su kife shi, su bi katako ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasawa. Lafiyayye yakan yi ƙara tangaran, ruɓaɓɓe kuwa muryarsa a dushe take, tsinin wuƙa ma nutsewa yake a cikinsa. Irin wannan cire shi ake yi, ba a rufe shi da fallen kwano. Sai a sauya ƙusoshin da suka yi tsatsa, a cusa tsumma ko auduga tsakanin katakai, a bi da narkakkiyar kwalta. Daga nan a mayar da jirgin ruwa ba kaya, katako ya sha ya kumbura, a ga inda ke yoyo.

Sai bayan haka a waiwayi inji: a duba filogi, a wanke kafireto, a duba farfela, a kuma tabbata ruwan da ke sanyaya injin yana tsartuwa idan an tayar.

Me ya sa muka nace kan yoyo? Mu tuna darasin kimiyya. Jirgi yana iyo ne saboda ruwan da ya ture ya kai nauyinsa, kamar yadda Arkimidis ya gano fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan idan ruwan jarka uku masu lita 20 ya shigo, an ƙara kilo 60, tamkar fasinja guda da ba wanda ya ga shigarsa. Haɗa wannan da lodin da ya wuce ƙima, ka ga inda matsala take.

Ba mu manta da Afrilun 2022 ba, lokacin da mutum 29 daga Gidan Magana a Ƙaramar Hukumar Shagari suka rasu a kifewar kwalekwale, yawancinsu yara da matasa irinmu. Allah Ya jiƙansu.

Shawararmu: wanda ke kusa da gulbi ya yi amfani da hutu ya zauna wurin masu gyara, ko da miƙa ƙusa ne. Sana'a ce mai ci, kuma ceton rai ce. Idan za mu hau, mu dubi ƙasan jirgi kafin fentinsa, mu nemi rigar kariya, in ya cika mu jira sawu na gaba. Masu jirage kuma, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.