Sharhi: Yadda sabon ƙirar jiragen Vendée Globe ya raba kasuwar tsofaffin jirage gida biyu

Ranar 14 ga Janairun 2025 ɗan ƙasar Faransa Charlie Dalin ya iso tashar Les Sables-d'Olonne bayan ya kewaya duniya shi kaɗai cikin kwana 64 a jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya lashe gasar Vendée Globe. Kafin shi, Armel Le Cléac'h ne ke riƙe da tarihi, da kwana 74 a 2017. Yanzu da ake shirin gasar 2028, hankalin matuƙa ya koma kasuwar jiragen hannu.

Jiragen wannan gasa, da ake kira IMOCA, tsawonsu ya ɗan haura mita 18. Tun gasar da ta fara a 2016 aka ga masu fikafikai a gefe, waɗanda ke ɗaga jikin jirgin sama da ruwa idan iska ta yi ƙarfi, sai gudu ya ƙaru. Ƙera sabo yana cin miliyoyin Yuro, shi ya sa yawancin matuƙa ke dogaro da na hannu.

Wannan sabon ƙira bai karya darajar tsofaffin jirage baki ɗaya ba. Waɗanda aka ƙera da fikafikai tun farko sun ci gaba da samun masu saye, domin ana iya canza musu fikafikai su sake gogayya. Louis Burton ya sayi jirgin da Le Cléac'h ya yi nasara da shi, ya zo na uku a 2021. Yannick Bestaven, wanda ya lashe gasar a wannan shekarar, jirginsa na hannu ne, ƙirar 2015.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne jirage marasa fikafikai. Manyan kamfanonin da ke ɗaukar nauyin matuƙa nasara suke nema, don haka suka juya musu baya, farashinsu ya sauka. Sai dai faɗuwar wani tashin wani. Jean Le Cam ya zo na huɗu a 2021 da jirgi ƙirar 2007 mara fikafikai. Da wannan jirgin ne Violette Dorange, tana da shekara 23, ta kammala gasar a 2025.

Saboda haka, abin da mai saye ke dubawa a yau ya wuce shekarun jirgi. Yana tambaya ko jikinsa zai ɗauki sabon gyara, nawa gyaran zai ci, kuma ko dokar gasa za ta ci gaba da karɓarsa. Idan masu shirya gasar suka rage shekarun jiragen da ake yarda da su, tsofaffin za su ƙara faɗuwa, matasan da ba su da babban kamfani a bayansu kuma su rasa hanyar shiga mafi sauƙi.