Batun Kunna JavaScript a Wayoyin Manoman Tsiga

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wannan zance ya fito fili a kan wayoyin hannu da suka cika garuruwan manoma irin su Tsiga, cikin Ƙaramar Hukumar Bakori. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023 ya tilasta wa mai sayar da masara da dillalin auduga karɓar kuɗi ta waya, ɗalibai kuwa tun kafin nan suka saba duba sakamakon JAMB a intanet. To, a cikin wannan zirga-zirga ne wani lokaci shafi yakan ƙi buɗewa, ya kafe wa mutum gajeren saƙo da Turanci, wai sai ya kunna JavaScript. Daga nan masu ba da shawara sukan rabu biyu: wasu su ce a kunna kawai, wasu su ce a kashe shi har abada domin ta nan ɓarayi ke shigowa. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawar yanke hukunci.

JavaScript dai wani harshe ne na bai wa kwamfuta umarni, wanda Brendan Eich ya tsara a kamfanin Netscape na Amurka a 1995. Shafin intanet yakan zo da rubutu da hotuna, ya kuma taho da waɗannan umarni, sai manhajar buɗe shafuka, kamar Chrome ko Firefox, ta zartar da su a cikin wayar mai karatu. Shi ne ke sa fom ya nuna wa mai cikawa gurbin da ya tsallake, ya kuma sa maɓalli ya amsa idan an taɓa shi. Wato baƙo ne da ake saukewa a zaure. An yi masa iyaka, ba shi da izinin kutsawa cikin gida ya buɗe hotuna ko saƙonnin da ke ajiye a waya, amma duk abin da aka rubuta a shafin da ya zo da shi, a kan idonsa aka rubuta.

A nan haɗarin yake, kuma masu tsoronsa ba wawaye ba ne. A 2005 wani matashi, Samy Kamkar, ya saka 'yan umarni a shafinsa na MySpace, kafin kwana ɗaya ya cika sun bazu zuwa shafukan mutum fiye da miliyan ɗaya. A 2018 kuma ɓarayi suka cusa nasu a shafin biyan kuɗi na kamfanin jiragen sama na British Airways, suka kwashe bayanan katin banki na fasinjoji dubu ɗaruruwa, har hukumar kare bayanai ta Ingila ta ci kamfanin tarar fam miliyan 20 a 2020. Fasinjojin nan ba shafin bogi suka shiga ba, gidan gaskiya ne aka yi wa kutse.

Amma fa mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin abin da rufe ƙofa baki ɗaya ke jawowa. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Bakori da Funtuwa da Malumfashi, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Ko me za a ce game da amfanin matakin, an ga waɗanda suka ɗauki nauyinsa: ɗan kasuwar da ya kasa jin farashin hatsi, da mai POS da sana'arsa ta tsaya cik, da uwar da sai an yi tafiya kafin ta ji muryar ɗanta. Kashe JavaScript ƙanin wannan mataki ne. Shafin banki da na neman gurbin karatu za su gurgunce, alhali ɓarawon da ya fi addabar manomi bai ma dogara da shi ba. Shafin bogin da ake yaɗawa ta WhatsApp, mai alkawarin tallafin taki ko rancen noma, lambar BVN da lambar kati da lambar sirri yake nema, kuma fom ɗinsa zai iya aika su ko an kunna ko an kashe. Wanda ya miƙa makullinsa da hannunsa, katanga ba ta yi masa rana ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne a bar shi a kunne, yadda manhajar take zuwa tun asali, sannan a kula da gidan da ake shiga. Chrome ta ba da damar a hana shi aiki a wani shafi a kuma ƙyale shi a wani, ta cikin saitinta. Adireshin banki kuwa, gara mutum ya rubuta shi da kansa da ya bi wanda aka turo masa. Alamar kwaɗo da wasu manhajoji ke nunawa kusa da adireshi tana nufin an rufa wa saƙo asiri a hanya ne kurum, ba shaidar amanar mai shafin ba ce. Sai kuma sabunta manhaja, wanda da yawa ke gudu don tsimin data, alhali ta nan ne ake liƙe ɓarakar da kan bai wa baƙo damar tsallake zaure. Wannan tsimi ne mai tsada.

Sauran magana ta harshe ce, kuma ta shafi malamai da ɗaliban wannan sashe kai tsaye. Yawancin gargaɗin nan da Turanci suke zuwa, ga manomin da ke rarrabe irin masara mai kyau da na banza da kallo ɗaya, amma aka bar shi yana taɓa maɓalli bisa ƙaddara. Masana Hausa sun taɓa zama suka fitar da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, domin nazarin harshe da adabi. Aikin da ake buƙata yanzu bai kai wannan nauyi ba. Takarda guda ce, da boko da ajami, mai bayyana abin da saƙon nan ke nufi da lambobin da ba a rubuta wa kowane shafi sai na banki, a liƙa ta a rumfunan POS da shagunan cajin waya na Tsiga kafin kaka, lokacin da kuɗin amfanin gona ke shiga hannun manoma.