ƘUDAN ZUMA MA ƊAN ƘWADAGON TALAKA NE, KADA MU KASHE SHI

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, manoma da 'yan kasuwa na ƙasar Ɗambatta da kewayenta, maganarmu ta wannan mako a kan wani ma'aikaci ce wanda ya ke yi mana aiki tun kaka da kakanni. Ba ya karɓar lada, ba a kai masa fura gona, ba a kuwa taɓa jin ya yi yaji ba. Wannan ma'aikaci shi ne ƙudan zuma, tare da sauran ƙananan ƙwari masu bin fure. Mun ga ya wajaba mu yi magana, domin muna kashe shi da hannunmu, da kuɗinmu kuma, waɗanda ya kamata su gargaɗe mu kuwa sun yi gum.

AIKIN DA YA KE YI

Ko wane manomi ya san bununin gero. Ya san in gero ya fitar da kai, iska ce ke kaɗa wannan gari ta kai shi inda zai zama ƙwaya. Haka dawa, haka masara. To, akwai shuke-shuke da yawa waɗanda garin furensu ya ke da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa, sai ƙwaro ya ɗauka a jikinsa ya kai.

Ku duba kabewar da ta hau dangar gidanku. Furenta iri biyu ne. Ɗaya namiji, a kan dogon sili kawai. Ɗaya mace, da 'yar ƙaramar kabewa a gindinta. In ƙudan zuma bai shiga namijin ya kwaso gari ya kai wa macen da safe ba, kafin rana ta yi tsaka furen ya rufe, 'yar kabewar nan kuwa sai ta yi rawaya ta faɗi. Sa'an nan uwargida ta ce baki ne ya kama ta, ko ƙasa ce ta gaji. Kankana da guna da soso duk haka su ke. Duman da a ke fafe ƙwarya da shi furensa fari ne, da dare ya ke buɗewa, ƙwarin dare su ke yi masa aiki. Gwanda ma kowa ya san akwai namijin da ba ya 'ya'ya, amma ba domin shi ba macen ba ta cika haihuwa. Furen mangwaro ƙudaje ne da ƙananan ƙwari su ke binsa. Mai neman irin albasa kuwa, in ƙwari ba su sauka a kan furen ba, ya yi wahalar banza.

Wake da kuɓewa da riɗi suna iya yin 'ya'ya da kansu, amma sun fi cika in ƙwari sun ziyarce su. A shekarar 2017 waɗansu masana sun buga sakamakon gwajin da suka yi a gonakin Burkina Faso, ƙasa mai yanayi irin namu. Sun rufe waɗansu furanni don kada ƙudan zuma ya taɓa su, suka bar waɗansu a buɗe. Inda aka hana shi shiga, amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin 100, na riɗi ya ragu da kashi 59 cikin 100. Watau mai samun buhu 10 na riɗi sai ya tashi da buhu 4. Wanda ya san kuɗin buhun riɗi a Dawanau ya san wannan ba abin wasa ba ne.

Ashe ke nan iska ta ɗauke mana nauyin tuwo, amma kayan miya da kuɗin kashewa suna wuyan ƙwaro. Ba mu kaɗai ba. Wani babban taron masana na duniya ya ba da rahoto a 2016 cewa wajen kashi 75 cikin 100 na manyan ire-iren amfanin gona da ɗan Adam ke ci suna da bukatar ƙwari da makamantansu, ko da yawa ko kaɗan. Sun ce dangin ƙudan zuma sun kai iri 20,000, mafi yawansu ba su yin zuma, ba su zama cikin amya, a rami su ke kwana ko cikin busasshen kara. Galla tana cikinsu, haka baƙin nan mai ƙugi da ke huda azara. Malam-buɗe-littafi ma yana taimakawa. Ɗorawa da kuka jemage ne ke yi musu hidima da dare. Zanzaro da rina kuwa tsutsa su ke kamawa su kai wa 'ya'yansu, ƙoƙi-ƙoƙi yana cin ƙwarin da ke cin ganye. Duk waɗannan sojojin manomi ne da ba ya biya.

YADDA MU KE KASHE SHI

Hanya ta farko feshi. Ba mu ce a bar feshi ɗungum ba, domin mun san wake in ba a kare shi ba tsutsa ta cinye furen da kwanso, mun kuma tuna yadda tsutsar tumatir ta share gonakin Jihar Kano a 2016. Abin da mu ke kuka da shi shi ne feshin makanta. Mutum ya je kasuwa ran Lahadi, ya sayi kwalba wajen wanda shi kansa bai iya karanta abin da ke rubuce a jikinta ba. An ce murfi ɗaya, ya zuba uku don ya fi ƙarfi. Ya goya tanki da hantsi, daidai lokacin da fure ya buɗe, ƙudan zuma yana tsakar aiki. Ya feshe maƙiyi da masoyi gaba ɗaya. Wanda bai mutu nan take ba ya ɗauki guba ya kai gida, 'ya'yan da ke cikin saƙa su ci. Da ya gama sai ya wanke tankin a bakin kududdufi, inda ƙudan zuma da awaki su ke shan ruwa. Maganin ciyawa kuma ya ƙone 'yan furannin bakin gona da na burtali waɗanda su ne abincinsu in amfanin gona bai yi fure ba.

Hanya ta biyu gatari. Ƙasarmu ta arewacin Kano cike ta ke da mutane, gona na jikin gona, ba mu da wani dajin kirki. Dajinmu shi ne itatuwan da iyayenmu suka bari a tsakiyar gonaki: ɗorawa, tsamiya, kuka, kanya, gawo. Gawo yana fure bayan ɗaukewar ruwa, mangwaro da ɗorawa cikin rani, darbejiya ta biyo baya. Da waɗannan ƙudan zuma ya ke ƙetare watannin da babu ɗanyen haki a ƙasa. A kansu kuma a ke ɗora amya. Yau tsadar makamashi ta sa a na sare su a na gawayi. Itacen da ya shekara 50 yana ba da kalwa sai ya ƙare a buhu kaɗan cikin yini biyu. Ba mu zargin matalaucin da yunwa ta sa ya sayar da ɗorawar gado, amma ya sani ya sayar da daddawar jikokinsa.

Hanya ta uku wuta. Har yanzu akwai masu ɗiban zuma da dare da bakin wuta, su babbake gidan duka, su kwashe saƙa har da ta 'ya'ya. Wannan daidai ya ke da yanka saniya don a sha nonon yini ɗaya.

ABIN DA YA SAMI WAƊANSU

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A waɗansu gundumomi na lardin Sicuwan a ƙasar Sin, feshi ya yi yawa har masu zuma suka daina kai amyoyinsu, sai ga mutane suna hawa itatuwan tuffa da danginsa da ɗan buroshi, suna shafa wa furanni gari ɗaya bayan ɗaya. A Kalifoniya ta Amurka, masu gonakin almon hayar ƙudan zuma su ke yi, ko wace shekara cikin Fabrairu a kan kwaso amya wajen miliyan 2 a manyan motoci, a biya masu su kuɗi mai tsoka. Su attajirai ne, sun iya biya. Mai kadada ɗaya a bakin madatsar ruwan Tomas da me zai biya?

Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana amfani da waɗansu magungunan ƙwari guda 3 a fili tun 2018, saboda an tabbatar suna cutar da ƙudan zuma. Su ne kuma suka dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya a 2015, don sun sami gubar da mu ke kira fiya-fiya ta wuce ƙima a cikinsa. Ku lura, 'yan kasuwa: gubar da ke kashe ƙwaro ita ce ta rufe mana ƙofar ciniki.

Akwai kuma misali mai daɗin ji, kusa da mu. Manoman Maraɗi da Damagaram, Hausawa irinmu, tun cikin shekarun 1980 suka koma barin tohon itace a gona in suna sassabe, su rage rassa su bar mai ƙarfi ya girma. Da wannan dabara, ba da wani kuɗi ba, an ƙiyasta sun maido da itace wajen miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5. Abin da talakan Nijar ya yi da adda, talakan Ɗambatta ba zai kasa ba.

ABIN DA KE HANNUNMU

Mu fara daga gida. Ko wace garka, ko wane bayan ɗaki, a shuka abin da ke fure: zogale, lalle, yakuwa, rama, kuɓewa, kabewa, ɗaɗɗoya, lemo, goba. Zogale kaɗai ya isa misali, ga ganye na kwaɗo, ga fure na ƙudan zuma har cikin rani. 'Yan shukokin tsakar gida ba su bukatar guba. Toka, da ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa, da tsince tsutsa da hannu sun wadatar a ƙaramin wuri, sun kuma fi aminci inda yara da kaji su ke yawo.

In bazara ta yi zafi, a sami tsohon kasko a zuba tsakuwa da ruwa kaɗan a ajiye nesa da ƙofa, a riƙa sauya ruwan don sauro. Ƙishirwa ce ke kawo ƙudan zuma bakin randa. In ya sami nasa, ya bar muku naku.

A gona, in feshi ya zama tilas, a yi shi da yamma liƙis, bayan fure ya rufe, ƙwari sun koma. A bi awon da aka rubuta. A gaya wa maƙwabci mai amya kafin a fesa. A bar 'yar ciyawa mai fure a kan iyaka. In tarin ƙudan zuma ya sauka a bishiyar gida, a hana yara jifa, a kira mai amya ya ɗauke shi, kada a kawo fetur da ashana.

Masu zuma su yi aiki da hayaƙin busasshen kashin shanu, su ɗebi saƙar da ta nuna su bar ta 'ya'ya, gidan zai sake ba su baɗi. Masu tebur a kasuwa, mai rake da mai mangwaro da mai alewa, ku rufe kayanku da ƙyalle mai raga, kada ku yayyafa fiya-fiya kusa da abin da mutane za su ci. Masu sayar da zuma kuma ku ji tsoron Allah ku bar haɗa ta da dafaffen sukari, domin jabu ne ke karya farashin ta gaske, har mai amya ya ga ba riba ya watsar da sana'ar.

ABIN DA MU KE NEMA GA HUKUMA

Talaka ba zai ɗauki wannan jinka da hannu ɗaya ba. Muna biyan kuɗin rumfa, muna biyan kuɗin shiga kasuwa, saboda haka muna da bakin tambaya.

Na ɗaya, a turo malaman gona su riƙa zama a kasuwa ran Lahadi, su nuna wa mutane awon magani da lokacin fesa shi. Manomi da yawa ya yi shekaru bai ga malamin gona a ƙauyensu ba, mai sayar da guba shi ne ya zama malaminsa.

Na biyu, duk maganin da za a sayar a ƙasar Hausa a rubuta gargaɗinsa da Hausa, boko da ajami, a kuma sa alamar da wanda bai yi karatu ba zai gane. Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan guba a kasuwannin fili a 2019. Doka in ta tsaya a takarda ba ta kare kowa, a bi ta har rumfa.

Na uku, Ƙaramar Hukuma da hakimai da dagatai su tsaya a kan itatuwan gona masu 'ya'ya. Amma kada a kama mai ɗan gatari a bar mai babbar mota. A kuma raba dashen ɗorawa da tsamiya da mangwaro a farkon damina, lokacin da zai kama, ga wanda zai kula da shi.

Na huɗu, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a nan ƙasarmu. Muna roƙo a buɗe ɗan gajeren horo da Hausa, a koya wa samari da mata kiwon zuma a akwatin katako wanda a ke buɗewa a duba ba tare da an ƙona kowa ba. Sana'a ce da ba ta cin fili, ga zuma ga kaki, gonakin maƙwabta kuma su amfana.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 20 ga Mayu ta zama ranar ƙudan zuma, an fara kiyaye ta a 2018. Mu ba mu jira ta ba, tun muna yara mun san akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma da ke ɗauke da sunan wannan ɗan ƙwaro. Abin kunya ne a ce mutanen da suka san darajarsa haka su ne za su ƙare shi da murfin kwalba.

Jama'a, wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba. A kai maganar majalisar ƙofar gida, a kai ta rumfar kasuwa, a kai ta cikin gida wajen mata, don su ne masu garka. Hausawa sun ce ba a shan zuma sai an sha harbi. Mun yarda da harbin. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ranar da 'ya'yanmu za su shuka kabewa ta yi fure har ta gaji, ba wanda ya zo. Allah ya kiyashe mu da ganin wannan rana, amin.