Kambarawa ta iya karo-karo, saura bin ba'asi

Idan tiransifoma ta ƙone ko famfon burtsatse ya tsaya a unguwa irin Kambarawa da ke birnin Katsina, ba a daɗewa littafi zai fito. Liman na sallame sallar Isha'i wani dattijo zai miƙe ya ce, "Jama'a, a ɗan dakata, akwai sanarwa." Kafin a watse an naɗa kwamiti, an zaɓi ma'aji, an yanka wa magidanci nasa, mai shago nasa, ɗan haya ma ba a bar shi a baya ba. Da haka ake biyan 'yan sintiri, da haka ake yashe kwatoci idan damina ta kawo kai, da haka ake toshe kaburburan da ruwa ya rufta a maƙabarta. Ranar lissafi kuwa ma'aji ba ya da sakat, sai ya karanto abin da ya shigo da abin da ya fita. In aka ce dubu biyar ta yi ɓatan dabo, sai maganar ta kai zauren mai unguwa.

Saboda haka mai cewa Katsinawa ba su san haƙƙin al'umma ba, bai zauna cikinsu ba ne. Abin da ke ɗaure kai wani ne daban. Mutumin da ya titsiye ma'ajin unguwa kan dubu biyar, shi ne wanda bai taɓa tambayar nawa ƙaramar hukumar Katsina ta samu daga asusun tarayya a watan jiya ba, ballantana ya ji inda kuɗin suka shiga. Wannan shirun shi ne babban giɓi a cikin nauyin da ke kan ɗan ƙasa a yau.

Sashe na 24 na kundin tsarin mulkin 1999 ya jero nauyi guda shida. Akwai bin tsarin mulki da girmama tuta da hukumomi, da kare martabar ƙasa, da mutunta sauran mutane. Akwai ba da gudummawa ga ci gaban al'ummar da mutum yake zaune a cikinta, da taimaka wa hukuma wajen tabbatar da doka, sannan bayyana abin da mutum ke samu tsakani da Allah da biyan haraji a kan kari. Sashen yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta shi kai tsaye, kuma a wannan babin ne aka rubuta cewa tsaro da walwalar jama'a su ne babban aikin gwamnati. Wato alkawarin ɓangarorin biyu an bar shi ne a hannun kunya da matsin jama'a. Inda babu matsin, kowa sai ya yi kwanciyarsa.

Ba haka birnin nan ya tashi ba. Ganuwar da ta zagaye Katsina, wadda ƙofofinta irin su Ƙofar Sauri da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga suka zama sunayen unguwanni, da ƙarfin talakawa aka ɗaga ta, da ƙarfinsu kuma aka riƙa yaɓe ta. A farkon sarautar Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki har 1944, Katsina ta zama gaba-gaba wajen kafa baitulmalin En'e, aka daina bar wa kowane hakimi ya yanki rabonsa daga abin da ya tara, aka koma biyan albashi daga taska guda. Kada a yi wa wancan zamani kwalliya. Haraji da jangali sun gallabi mutane, an ɗaure waɗanda suka kasa biya, wasu sun bar garuruwansu, wasu sun sayar da hatsin da za su ci. Shi ya sa jam'iyyar NEPU ta samu kunnen talaka, shi ya sa kuma aka yi murna a 1979 lokacin da gwamnatocin PRP na Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka soke su. Katsina na cikin jihar Kaduna a lokacin, sai 1987 ta samu tata jihar.

Soke harajin daidai ne. Amma wani abu ya bi shi ya tafi ba a lura ba. Mutumin da ya ƙirga kuɗi ya miƙa wa dagaci ya karɓi takarda, ya san da guminsa a cikin taskar hukuma. Da kuɗin mai suka maye gurbi, sai taskar ta koma wani abu da ke zuwa daga Legas, daga baya Abuja, wanda ba na uban kowa ba. Daga nan "kayan gwamnati" ya zama abin da za a cire wa taga a makaranta, a kwance wa waya a fitilar titi, a ɗauke wa murfin kwalbati, maƙwabta na gani su kau da kai. Daga nan kuma shugaba ya zama mai kyauta. In ya gina aji biyu sai a tara makaɗa a yi masa godiya, kamar daga aljihunsa ya ciro.

Alhali talakan Kambarawa bai daina biya ba. Duk katin waya da ya saya akwai harajin VAT a ciki, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a 2020. Ɗan acaɓa da mai Keke Napep suna yankar tikiti, mai rumfa a kasuwa yana biyan kuɗin rumfa, ma'aikaci ana cire nasa tun kafin albashi ya shigo. Janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 shi ma wani biyan ne, domin abin da ya ƙaru a farashin lita daga aljihun jama'a ya fita, kason jihohi da ƙananan hukumomi kuma ya ƙaru sosai tun daga lokacin. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun ɗauke harajin kuɗin shiga daga kan mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara, amma ba su cire shi daga sahun masu dukiyar hukuma ba. Ƙari a kan duk wannan, ga karo-karon unguwa, wanda sau da yawa biya na biyu ne a kan aikin da an riga an ware wa kuɗi.

Masu cewa "wa zai saurare mu?" suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. A zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 2025 jam'iyya mai mulki ce ta kwashe kujerun shugabanni 34 da na kansiloli 361 na jihar, kamar yadda ake gani a kusan kowace jiha ko wace jam'iyya ce ke riƙe da ita. Kansilan da ya san ba layin masu zaɓe ne ya kawo shi ba, da wuya ya ji tsoron layin. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka fito. Sai dai ƙauracewar ba ta hukunta kowa. Sauƙi ma take kawo wa mai sayen ƙuri'a, tunda kawunan da zai saya sun ragu.

Haka abin yake a fannin tsaro. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar a Oktoban 2023 da matasa kusan 1,500 da aka ɗebo daga yankunan da 'yan bindiga suka addaba, kuma hukumomi kullum suna kiran jama'a su tona asirin infoma. Kira ne na gaskiya. Amma wanda zai kai rahoto yana da damar ya nemi tabbacin cewa sunansa ba zai riga shi isa daji ba.

Kayan aikin tambaya kuwa suna nan, ƙura ce kawai ta rufe su. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardun kuɗi ko na kwangila, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, hukumar kuma ta amsa cikin kwana 7. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa shiga asusunsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. Ana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma, mai wayar hannu zai iya dubawa. Makarantun gwamnati, har da sakandaren Kambarawa, tsari ya tanadi su kasance da kwamitin iyaye da mutanen unguwa da ke sa ido a kan tafiyarsu. Jihar ma ta kafa shirin raya al'umma a mazaɓu 361, inda aka ce jama'a ne za su faɗi aikin da suka fi buƙata. Taro irin wannan, in mutanen gari ba su cika shi ba, 'yan koren siyasa ne za su cika shi su yi magana da sunansu.

A Ruwanda, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata jama'a na fita aikin gayya da suke kira umuganda. Tilas ne, har da tara, kuma ba ƙasa ce da ake sakin baki yadda aka ga dama ba. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Janar Buhari a 1984 da 1985, da bulala ta tafi sharar ta koma. Abin ɗauka a nasu shi ne bayan an ajiye shebur ana zama da shugabannin yanki a tattauna matsalolin gari. Namu gayyar a shebur take ƙarewa.

Katsina ba baƙuwar ɗabi'ar bayyana lissafi ba ce daga ɓangaren masu mulki. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana kadarorinsa a fili a 2007, alhali doka ba ta nemi ya wuce miƙa takarda ga hukumar ɗa'ar ma'aikata ba. Waɗanda suka biyo baya ba duka suka yi koyi ba, kuma ba a ga jama'a sun matsa ba.

Zaɓen 2027 na tafe, 'yan takara za su zagayo majalisu da zaurukan Kambarawa da atamfa da taliya. Dattawa da matasan unguwar za su iya tarbarsu da takarda guda: nawa ƙaramar hukuma ta karɓa a shekarun nan, nawa ya sauka a mazaɓar, wane ɗan kwangila aka ba magudanar ruwa, kuma wace rana kansila zai dawo ya karanta lissafi a bainar jama'a. Wanda ya amince, ya sa hannu a gaban mai unguwa, a ajiye kwafi.