Lafiya Uwar Jiki: Kafin Ki Buga wa Buzun Nan Ƙusa

Tun bayan Babbar Sallah tambaya ɗaya ke ta dawowa a wurin sharhi: wadda ba ta bayar da fatar ragon gidansu ga masu tattara fatun layya ba, tana so ta maida ita adon bangon falo, yaya za ta yi? Na ga wata ta ba da amsa cewa ƙusa huɗu da guduma sun wadatar. To 'yar uwa, ni ma haka na yi, kuma har yau ina cizon yatsa.

Da Allah Ya yi wa Babanmu rasuwa, buzun da yake salla a kai ne kaɗai abin da na roƙa a bar min. Fari ne mai baƙin wuya, tsakiyarsa har ta yi santsi saboda yawan zama. Na kawo shi gidana a nan Mashi, na ga ba zan iya taka shi ba, sai na buga shi a bangon ɗaki da ƙusa a kowace kusurwa. Bangon gabas ne, wanda hadari ke fara duka. Damina ɗaya kawai ya yi a wurin. Ran da na sauke shi don shara, bayansa duk funfuna, tsatsar ƙusa ta ci gefuna biyu sun yage, gashin kuma yana biyo hannuna. Da na kai wa wani tsohon baduku, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, “'Yata, fata fa ko bayan yanka numfashi take yi. Kin toshe mata hanci.” Rabin buzun ya iya ceto min.

Abu na farko, ki tabbatar an jeme fatar. Wadda aka barbaɗa wa gishiri aka shanya a rana ba jemammiya ba ce, busasshiya ce kawai, kuma da zarar iska ta yi laima za ta soma wari, ƙwari su shige ta. Majema suna kankare sauran nama da kitse, su yi mata aiki da bagaruwa, su shafa mai, su yi ta murza har ta yi laushi. Sana'ar nan ba ƙarama ba ce. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan Maroko suka laƙaba mata sunan ƙasarsu. Gwajin mai sauƙi ne: ki naɗe ta, idan ta lanƙwasu ba ta yi ƙara kamar ƙirgi ba, ki shinshina bayanta, sannan ki ja gashin a hankali. In ya biyo ki, ki haƙura da ita.

Nan kuma sai na sa hular aikina, don wannan ne ya sa na zaɓi batun. Kada ki karɓi ɗanyar fatar da ba ki san yadda dabbar ta mutu ba, komai arharta. Akwai cutar da makiyaya ke kira saifa, wato antiraks. Dabba tana kiwo lafiya lau sai ta faɗi ta mutu, wani lokaci baƙin jini na fita ta hanci da baki, kuma ba ya daskarewa. Ƙwayar cutar tana iya kwanciya shekaru masu yawa a cikin fata da gashi da ƙasa, gishiri da rana ba sa kashe ta. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gonar dabbobi a yankin Suleja ta jihar Neja, bayan gwamnatin tarayya ta gargaɗi mutane a kan cin ganda saboda ɓarkewar cutar a arewacin Ghana. Kuma ba sai an ci nama ba. A 2006 wani mai haɗa ganguna a birnin New York na Amurka ya kamu da ita ta hanyar shaƙar ƙurar busassun fatun awaki da ya sayo daga Kwaddebuwa. Ragon da aka yanka lafiyayye a gaban idonki ba shi ne abin tsoro ba. Amma duk wanda ya taɓa ɗanyar fata, bayan 'yan kwanaki ya ga ƙurji mai ƙaiƙayi a hannu ko wuya, gefensa ya kumbura, tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi kuma ba ya zafi, ya zo asibiti a ranar, ya faɗi cewa fata ya taɓa. Tana jin magani idan an zo da wuri. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane su zauna a gida.

Fatar damisa da makamantanta kuwa, ki bar ta inda kika gan ta. Tun 1985 akwai dokar da ta hana cinikin irin waɗannan namun daji a Najeriya.

Sai zaɓen bango. Ki guji na gabas, da wanda ya haɗa da banɗaki, da na kusa da madafa inda hayaƙi da maiƙo za su kama gashin. Wanda rana ke faɗawa a kansa ta taga shi ma zai busar da ita ta tsattsage. Bangon da ya raba ɗaki da ɗaki ya fi.

Yadda badukun nan ya gyara min, kuma shekara uku ke nan ban ga matsala ba, shi ne ƙusa ba ta taɓa fatar ko kaɗan. Ya ɗinka wani ƙyalle mai kauri a bayanta, daga wannan kafaɗa zuwa waccan, kamar gidan mazagin wando, da ƙananan ɗinki kusa da kusa don nauyin ya rabu. Kafinta ya yanko siririn katako da bai kai faɗin fatar ba, aka zura a ciki, katakon ne ke rataye a kan ƙusa biyu. A bayansa an manna 'yan guntayen katako, sai ya zama akwai tazarar yatsa biyu tsakanin fata da bango, iska na wucewa. Wuyan yana sama, gashin ya kwanta zuwa ƙasa, ƙura ba ta samun wurin zama sosai. Idan fatar saniya ce mai nauyi, a ƙara wani katakon a tsakiya, in ba haka ba za ta yi tumbi.

Ginin bulo yana son ƙusar kankare, kuma don Allah kada a buga ta daidai saman soket ko makunnin fitila, nan waya ke bi. Ginin ƙasa kuwa ƙusa ba ta kamawa, sai turken ice, kuma ki riƙa leƙawa saboda gara. Ki ɗaga ta inda hannun yaro ba zai kai ba. Wanda ƙusa ta soke, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a je a duba batun allurar tetanus, kada a tsaya ɗiga kananzir.

Saura asu, masu cin gashi. Na san abin da za ki ce: kafur. To idan akwai jariri a gidan ko mai juna biyu da ta kusa haihuwa, ki nisanta shi. Yara da dama a ƙasar nan, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, kuma warin kafur a jikin kaya kawai yana iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini, su yi shawara mai tsanani wadda ke iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ba kasafai iyaye ke sanin ɗansu yana da shi ba sai abin ya faru. Mai rarrafe kuma gani yake alewa ce. Ni busasshen ganyen darbejiya nake ɗaurewa a ƙyalle in saƙala a bayan katakon, in canza shi duk wata. Bai kai kafur ƙarfi ba, gaskiya, shi ya sa duk ƙarshen wata nake sauke buzun, in kakkaɓe a tsakar gida, in bar shi ya sha hantsi kaɗan, in duba gindin gashin. Da hunturu ina shafa wa bayansa ɗan man gyaɗa a tafin hannu, kaɗan ƙwarai. Ban taɓa wanke shi da omo ba, ke ma kada ki gwada.

Idan akwai mai fuka a gidan, kada fatar ta shiga ɗakin da yake kwana, kuma ba shi zai yi kakkaɓar ba. In kin rataya a falo kin ga tarinsa na dare ya ƙaru, ki sauke ki ajiye mako biyu ki ga bambanci. Wata maƙwabciyata da ta yi haka, ƙarshenta zaure ta mayar da tata.

Masu tambayar yadda ake yi da fatar da ta riga ta soma zubar da gashi, ku rubuto min a ƙasa ko wane irin bango take a kai da tsawon lokacin da ta yi, zan tattara in kai wa badukun ranar da ba ni da aikin dare.