Kafin Mu Sayi Littafin Koyon Yanka

'Yan'uwa manoma, kaka ta wuce, an zuba hatsi a rumbu, an sayar da gyaɗa da waken suya, ƙungiyoyinmu na gama kai kuwa a Lakwaya da ƙauyukan Gwarzo da Kabo sun shiga zaman lissafi. A wurare da dama mun ji an kawo shawara iri ɗaya, watau a ɗebi wani abu daga asusu a sayo littafin koyon yanka domin mata da 'yan matan da ke koyon ɗinki da rani. Shawarar tana da kyau, muna kuwa goyon bayanta. Kekuna muna da su, Butterfly da tsofaffin Singer, waɗansu ma sun girmi masu taka su. Amma keke ba ya yanka. Yarinyar da ta iya taka keke ba ta iya yanka ba, kullum tana jiran wani ya yanka mata, rabin ladan aikin kuma nasa ne.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne mun taɓa yin wannan sayayya, muka yi hasara. A wata ƙungiya da muke zagayawa, an ba wakili kuɗi ya tafi Kano. Ya komo da littafi mai sheƙi, cike da hotunan riguna masu ban sha'awa, kowa ya karɓa yana yabo. Da aka zo aiki sai aka tarar babu awo ko ɗaya a ciki, hoto ne kawai daga bango zuwa bango. Wata baiwar Allah ta dubi hoton, ta sa almakashi a turmin atamfarta na Kirsimeti. Hannun rigar ya ƙi shiga mazauninsa, aka yi ta ragewa har yadin ya ƙare. Ba laifinta ba ne, ba kuwa na wakilin ba. Laifinmu ne, da ba mu faɗa masa abin da zai duba ba.

To, sai mu rarrabe. Littafin hoto yana nuna rigar da aka gama, amfaninsa shi ne mai kawo ɗinki ta nuna da yatsa ta ce irin wannan take so. Wannan kuwa yanzu wayar hannu ta ɗauke mana shi, ba sai an kashe kuɗin ƙungiya ba. Akwai kuma takardun da aka riga aka zana, sai dai ka shimfiɗa a kan yadi ka bi layi. Wani tela Ba'amurke, Ebenezer Butterick, shi ya fara sayar da irinsu girma-girma a 1863, mujallar Burda ta Jamus kuma tana sa su a tsakiyarta tun 1952. Suna da amfani, amma riga ɗaya suke ba ka, ba su koya maka dalili. Ga kuma tarko: takardun Amurka sun haɗa da ragowar da ake bari don bakin ɗinki, wajen santimita ɗaya da rabi, na mujallar Burda kuwa ba su haɗa ba, kai za ka ƙara. Wanda bai san haka ba, ko rigar ta matse ko ta yi buhu.

Littafin da muke nema shi ne mai koya wa mutum ya ɗauki awon jiki, ya mai da shi zane a takarda da rula da fensir. Yana farawa da nuna inda ake ɗora tef: ƙirji, ƙugu, kwankwaso, faɗin kafaɗa, daga wuya zuwa ƙugu ta baya, tsawon hannu. Sa'an nan ya nuna yadda za a zana uwar samfuri, watau zanen jiki tsurarsa ba ado. Daga wannan uwa ake fitar da kowace irin riga, a buɗe nan, a tsuke can, a sauya wuya. Ga misali mai sauƙi. Ƙirji ya ba da inci 36. Ba za a yanka 36 cif ba, domin mutum yana numfashi, yana ɗaga hannu, yana sunkuyawa a kan turmi. A rigar da ba ta kama jiki ba, sai a ƙara kamar inci 4, ya zama 40, a raba huɗu, kowane kashi inci 10, da shi ake zana rabin gaba da rabin baya. Littafin kirki zai faɗi nawa za a ƙara, ya kuma faɗi dalili. In ka buɗe shafi goma na farko ba ka ga siffar mutum da layukan awo da jadawalin lambobi ba, mayar wa mai shago abinsa.

Sai maganar ma'auni, a nan ne muke so a daɗe ana tunani. Nijeriya ta koma awon mita tun shekarun 1970, yaranmu ma da santimita suka yi lissafi a makaranta. Amma je ka Kantin Kwari ka ce a ba ka mita, za a dube ka. Da yadi ake ciniki, turmi yadi 6 ne, yadi kuwa inci 36. Telolinmu su ma da inci suke awo. Tef ɗin da ke rataye a wuyansu fuska biyu gare shi, inci a ɗaya, santimita a ɗaya, inci guda kuwa ya ɗan haura santimita biyu da rabi. In littafi ya ce a ƙara 5 yana nufin santimita, ɗaliba kuma ta ƙara inci 5, ta zuba kusan santimita 13. Rigar nan sai dai a sa mutum biyu a ciki. Saboda haka kowace ƙungiya ta tsai da ma'auni guda kafin a sayi littafi, a kuma hana juya tef a tsakiyar aiki. Mu dai a ganinmu, ga 'yan matan da suka yi firamare santimita ta fi sauƙi, gama raba 92 gida huɗu ya fi raba inci 36 da kashi biyar bisa takwas daɗi. Amma inda malamar ajin tsohuwar tela ce da ta shekara ashirin tana aiki da inci, kada a tilasta mata. A bi hannunta.

Littattafan da suka yi suna a wannan fanni da Turanci suke. Akwai na Natalie Bray, Dress Pattern Designing, wanda ya fito a Ingila a 1961. Yana bayyana dalilin kowane layi, amma maganarsa tana da yawa, ya fi dacewa da malama. Akwai na Helen Joseph-Armstrong, Patternmaking for Fashion Design, na 1987, daga Amurka. Da inci yake, kaurinsa ya kusa na bulo, an kuwa rubuta shi domin ɗaliban da za su yi aiki a masana'antar tufafi. Ga tsada. Wanda muka fi ganin ya dace da mu shi ne na Winifred Aldrich, Metric Pattern Cutting, da ya fara fitowa a tsakiyar shekarun 1970. Da santimita yake, zanensa ya fi surutunsa yawa, umarninsa kuma gajeru ne, daga lamba kaza zuwa lamba kaza auna kaza. Yarinyar da ta gama sakandare za ta iya karanta wa sauran, ta juya musu da Hausa. Sai dai a lura, jadawalin awon da ke ciki na jikin matan Ingila ne. Kada a dogara da shi. A auna mai rigar, mace ta auna mace, a rubuta.

Ita Aldrich ta yi wani littafin dabam na kayan maza, da wani na kayan yara. Ga inda za mu saɓa da waɗansu 'yan'uwa: in kuɗin na littafi ɗaya ne, mu na yaran za mu fara saya. Ku dubi aikin da ke shigo mana. Rigar yayi ta amarya, birni ake kai ta. Abin da ke zuwa ƙauye shi ne kayan makaranta in Satumba ta gabato, da kayan yara na Kirsimeti da na Sallah, da ankon biki, da rigunan mawaƙa da na Zumuntar Mata. Duk abu ɗaya ne ake maimaitawa sau ashirin ko talatin, a nan kuwa samfurin takarda yake biyan kuɗinsa. Littafin yaran yana raba girma bisa ga tsawon yaro, 110, 116, 122, haka dai ana hawa da santimita shida shida. In aka zana waɗannan sau ɗaya, aka juya su a kwali aka rataye a ƙusa, sai a jingina yaro da bango a auna tsawonsa, a ɗauko nasa. Mutum ɗaya na yanka, uku na ɗinki. Ana kuma iya jera kwalayen a kan yadi a matsa su kusa da juna kafin a taɓa almakashi, ƙyallen da a da ake sharewa ya zama aljihu da kwala.

Amma akwai abin da ba za ku samu a cikin ko ɗaya daga littattafan nan ba. Babu babbar riga, babu 'yar shara, babu wando buje da hantsarsa. Dalili kuwa, yankan Turai yana bin lanƙwasar jiki ne, namu na gargajiya yana bin faɗin saƙa. Masaƙanmu siraran ƙyallaye suke fitarwa, a jera su a haɗa, shi ya sa rigunanmu miƙaƙƙun layuka ne da kusurwoyi, kusan ba a zubar da kome. Wata masaniya a Kanada, Dorothy Burnham, ta yi ɗan littafi a 1973 tana nuna yadda faɗin masaƙa ya tsara yankan tufafin al'ummai da yawa. David Heathcote kuma ya yi shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970 yana nazarin aikin allura na rigunan Hausa. Waɗannan domin masu tarihi aka yi su, ba domin mai almakashi ba. Sanin yankan kansa yana hannun tsofaffin telolinmu, waɗanda ke ninka yadi, su ja alli sau uku, su yanka ba takarda. Yawancinsu ba su rubuta kome ba, idanunsu kuwa sun fara gajiya.

Don haka littafi na biyu mu za mu rubuta shi. Kuɗinsa bai wuce na babban littafin rubutu mai bango mai ƙarfi ba, da ɗan goron da za a kai wa dattijo. A tura ɗalibai biyu masu kyan hannu su zauna wurinsa, Kirista ne ko Musulmi, wanda dai gari ya shaida yankansa. Duk ninkin da ya yi a zana, duk awon da ya ɗauka a rubuta, a tambaye shi don me ya saki nan ya kama can. In an sami tsohuwar riga da ta mutu, a farke ta a hankali, a shimfiɗa gutsattsarin a kan takardar siminti a zagaye su da fensir. A rubuta da Hausa, da sunayen da shi telan yake kiran kowane yanki. Bidiyon waya yana taimako, ba mu hana ba, amma caji yana ƙarewa, wayar kuma ta tafi da mai ita ranar da aka ɗaura mata aure a wani gari. Littafin rubutu yana nan a akwatin ƙungiya.

Wakilin da za a tura kuma, kada ya tafi shi kaɗai. Malamar ɗinki ta bi shi da tef ɗinta. In wanda aka juya a injin hoto ne, a ƙirga shafuffuka, a duba ko lambobin zanen suna karantuwa, gama sau da yawa ƙananan lambobin ne ke ɓacewa, su ne kuwa littafin. Araha ba ta ado. In akwai wata ƙungiya ko makarantar koyon sana'a da ke da shi, a fara aro na mako biyu. A zana siket ɗaya da rigar yaro ɗaya a takardar siminti, a yanka a akoko ko tsohon zane, a ɗinka da dogon zare, a sa wa mai shi ya zauna, ya tashi, ya ɗaga hannu. In ya zauna daidai, a kira ma'aji ya buɗe asusu. In bai zauna ba, a sāke awon tukuna kafin a ɗora wa littafin laifi, domin sau da dama tef ne aka ja da ƙarfi. Atamfa da shadda kuwa su jira a akwati sai gwaji na uku.