Suna Ɗaya, Jiragen Ruwa Biyu: Darasi ga Manazarta Tarihin Kudancin Katsina

A shekarar 1864 wata kotu a Ingila ta saurari shari'ar da masana doka ke kira Raffles da Wichelhaus. An ƙulla cinikin auduga dila 125 da za ta taso daga Bombay zuwa Liverpool a cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska, mai suna Peerless. Ashe jirage biyu ne ke amsa wannan suna, kuma dukkansu daga Bombay suka taso, ɗaya a watan Oktoba, ɗaya a Disamba. Mai saye na farko yake nufi, mai sayarwa kuwa na biyu. Da yake yaƙin basasar Amurka ya sa farashin auduga yana hawa da sauka, ratar wata biyu ba ƙaramin abu ba ce. Mai saye ya ƙi karɓar kayan, kotu kuma ba ta tilasta masa ba.

Irin wannan tarko yana jiran duk mai nazarin ƙasar auduga ta kudancin Katsina. Sunaye irin su Sabon Gari, Sabon Layi, Tudun Wada da Unguwar Sarki suna maimaituwa daga wannan gunduma zuwa waccan, domin Bahaushe yakan raɗa wa wuri suna ne daga yanayinsa ko tarihin kafuwarsa. Ita kanta Sabuwa sunanta sifa ce. Sarauta ma takan ɗauki sunan wuri ta kai shi wani wuri: hakimin Ƙanƙara Sarkin Pauwa ake kiransa, kuma har yau akwai Sarkin Katsina a Maraɗi, gadon sarakunan da jihadi ya fitar daga birnin. Haka nan Muhammadu Bello da ya yi sarautar Musulmi daga 1817 zuwa 1837 daban yake da Muhammadu Bello Sarkin Katsina na 1844 zuwa 1869. Wanda ya tsinci sunan a takarda ko a bakin maroƙi bai tantance ba, zai iya jingina wa wannan aikin wancan.

Masu jiragen ruwa sun magance matsalarsu da lamba. Tun 1855 Birtaniya take ba kowane jirgin kasuwanci lambar rajista, yau kuma manyan jirage suna da lamba mai alƙaluma 7 da ba ta sauyawa ko an sauya suna. Wani zai ce gari ba jirgi ba ne, kuma lamba ba ta ɗauke da kirari ko tarihi. Gaskiya ne, shi ya sa abin da nake kira gare shi ƙari ne a kan suna, ba madadinsa ba.

Ra'ayina shi ne sassan Hausa da na Tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Ahmadu Bello, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, su haɗa kundin sunayen garuruwa da ƙauyuka. Kowane suna ya zo da karin sautinsa da tsawon wasulansa, da gundumarsa, da matsayinsa a taswira, da ruwayar kafuwarsa. Mujallunmu kuma su wajabta wa marubuci ya fayyace wurin da yake nufi.

Aikin na gaggawa ne. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma dattawan da suka san asalin sunayen suna watsewa. Al'adarmu ce mai ƙaura ya tafi da sunan garinsa ya raɗa wa sabon mazauni. Idan ba a rubuta yanzu ba, manazarcin gobe zai tarar da suna ɗaya a wuri biyu, babu mai faɗa masa wanne ne kufai, wanne ne mafaka, kuma wace gona ce ta wa.